Wusasa: Cocin Ƙasa da Makarantar Gindin Dutse

Duk mai bin hanyar Kaduna zuwa Kano ya sha wuce Wusasa, ko ya lura ko bai lura ba. In mota ta baro Jaji ta miƙe, ana dab da Zariya za a fara hango duwatsun Kufena ta yamma da birni, sannan a iso mahaɗar Ɗan Magaji, inda masu lemo da masu dafaffen ƙwai da 'yan acaɓa ke rububin duk motar da ta rage gudu. A nan na ce wa direba ya sauke ni, wata Asabar cikin hunturu, hazo ya rufe kan duwatsun har sai ka ƙura ido kafin ka raba dutse da sama.

Gardamar ofis ce ta kawo ni. Wani matashi a wurin aikinmu ya kafe a kan cewa duk Kiristan da ka ji yana Hausa, to aro ya yi, yana da nasa yaren a gida. Wani dattijo Bazazzagi da ke cikinmu bai tanka masa ba. Sai da aka watse ya ce da ni, tunda ƙafata ba ta zama, in na sami sarari in leƙa Wusasa in ga cocin da aka gina da ƙasa, in kuma daure in kwana don in ji yadda ake sujada ranar Lahadi.

Daga Ɗan Magaji ba nisa. Yau Wusasa ta haɗe da Zariya, gidajen bulo sun cinye gonakin da ke tsakani, ga shaguna, ga masu cajin waya, masallaci a nan, coci a can. Amma sa'ad da 'yan mishan suka tare a wurin a 1929, ƙauye ne a bayan ganuwa, daga gonakin dawa sai gindin dutse.

Tsohon cocin, St. Bartholomew, bai cika ido daga waje ba. Sai ka shiga. Wani dattijo mai kula da wurin ne ya buɗe mini, bayan mun gaisa ya tambayi daga ina, na faɗa masa, na kuma faɗa masa ni Musulmi ne, kallo na zo yi.

"Ai ba komai, ɗana. Shigo. Ɗalibai ma suna zuwa daga jami'a su yi ta zane-zanensu."

Sanyi ne ya fara tarbata, irin sanyin ɗakin ƙasa mai kaurin bango, sannan ƙamshin nan na tsohuwar ƙasa da ba a samu a ginin siminti. Da idona ya saba da duhun wurin na ɗaga kai, sai ga bakan gizo sun taso daga bangon nan da na can sun haɗu a sama, ɗaya bayan ɗaya har zuwa bagadi. In ba don gicciye da bencina ba, ka ce soron wani basarake ka shiga. Na dafa ɗaya daga cikin ƙafafun bakan, na ji sawun yaɓe a tafin hannuna, wurin da magini ya shafa ya bar ɗan tudu, wurin da aka yi faci daga baya launin ya ɗan bambanta.

Wanda bai san ginin gargajiya ba zai ɗauka ƙasa ce zalla ke riƙe da wannan rufi. Azara ce a ciki, ta giginya, wadda gara ba ta ci. Ana kafa ta a bango, a riƙa ɗora wata a kan wata tana ɗan fitowa gaba, ana ɗaurewa da igiya, har ta wannan gefe ta sadu da ta wancan, sannan a lulluɓe da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Dabarar da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na cikin birnin Zariya da ita ke nan, a shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu. Wajen shekara ɗari bayansa maginan garin suka fito da ita bayan ganuwa suka gina wa Kiristoci wurin ibada. Kwano da siminti ba su gagari 'yan mishan ba, tunda jirgin ƙasa ya riga ya iso Zariya tun wajen 1911. Duk da haka maginan ƙasa aka kira. A ganina wannan ne abu mafi hankali da suka yi a duk zamansu.

Yadda aka yi har suka iso gindin wannan dutse labari ne mai kwana-kwana. A 1900 Turawa biyar na ƙungiyar CMS, ta cocin Ingila, suka taso daga Legas ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell, niyyarsu Kano. Lokacin Nasara ba su ci Kano ba tukuna. Sarki Alu ya karɓe su a fada, ya ji abin da ke tafe da su, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, a can ɗayansu mai suna Dudley Ryder ya rasu. A cikin waɗanda suka rage akwai wani matashin likita, Walter Miller, wanda ya je Tarabulus takanas ya koyi Hausa wurin fatake da alhazan da ke zaune a can. Asibitin Landan da ya yi karatun likitanci a ciki sunansa ɗaya da cocin da nake tsaye a cikinsa.

Likita Mila, kamar yadda mutanen Zazzau ke kiransa, ya sami shiga cikin birni a 1905. Sarki Aliyu Ɗan Sidi ya ba shi wuri a Durumin Maigarke, ya buɗe ɗakin magani da 'yar makaranta. Abin mamaki ne a wancan zamani, domin Lugga ya riga ya yi wa sarakuna alkawari a Sakkwato a 1903 cewa gwamnati ba za ta taɓa addini ba, kuma da wannan alkawari aka riƙa tare 'yan mishan daga shiga biranen Musulmi. Zariya ce ta zama daban. Miller na cikin waɗanda suka matsa a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami, kuma shawararsa ta sami shiga wurin gwamnati. Hatta Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da rigar CMS ya fara shigowa ƙasar nan kafin ya koma aikin gwamnati.

Ba mutum ne mai sauƙin zama da shi ba. Yana da kaifin baki, ba ya ganin abu ya yi shiru, kullum yana kai ƙarar fada wurin Razdan a kan bayi da zaluncin masu karɓar haraji. Da aka tuɓe Ɗan Sidi wajen 1920 aka kai shi Lakwaja, inda ya rasu, masu tarihi suna ambaton ƙorafe-ƙorafen Miller cikin abubuwan da suka jawo hakan. Sarkin da ya ba ka masauki ke nan. Mutanen birni ba su manta ba, kuma ban ga laifinsu ba. Mutanen Wusasa su ma suna da nasu abin tunawa, na yaran da aka 'yanto daga bauta suka tashi a gidansa suka yi karatu. Duka biyun sun faru.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a tarihin nan shi ne labarin Isawa, domin shi ne amsar gardamar ofishinmu. A rabi na biyu na ƙarni na 19 an yi wani malami a Kano, Malam Ibrahim, wanda ya duƙufa a kan ayoyin Alƙur'ani masu maganar Annabi Isa, har ya tara almajirai yana fifita matsayinsa fiye da yadda malaman gari suka yarda. Aka nemi ya janye, ya ƙi, aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa suka watse, wasu suka nufi ƙasar Ningi, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauchi, suna riƙe da abin da ya koya musu. Babu Bature ko ɗaya a cikin wannan labari zuwa nan. Hausawa ne da Fulani, masu allo da tawada.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka sadu da Miller a Zariya. Daga nan magana ta yi nisa, wasu iyalai suka karɓi baftisma, aka nema musu fili a Gimi, ta wajen Maƙarfi, suka kafa ƙauyensu. Aka gina majami'a da makaranta, aka share gonaki. Wanda ya zauna da su wani limamin coci ne baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, W. A. Thompson, mutumin ƙasar rake, kuma da zaman Gimi ake danganta shigowar injin matse rake da dafa mazarƙwaila a wannan yanki. 'Yan shekaru abin ya yi kyau. Sai ciwon barci ya faɗo. Rafin da suka zauna kusa da shi don noman rake shi ne matattarar ƙudan tsando, ba su sani ba, kuma a lokacin babu wani maganin kirki. Mutane suka riƙa mutuwa gida-gida, har ya zama dole a kwashe waɗanda suka rage, galibi yara da marayu, a mayar da su Zariya. Cutar ba Gimi kaɗai ta ci ba. Ita ce daga baya ta sa gwamnati ta tashi garuruwa a ƙasar Ancau a ƙarshen shekarun 1930, ta kafa sabon gari aka sa masa Takalafiya.

Waɗannan marayu na Gimi su ne ƙashin bayan makarantar. Da su, da yaran gidan Miller, aka ƙaura zuwa Wusasa.

Ƙaurar kuwa ba da son ran Miller aka yi ta ba. Sarauta ta gaji da zaman mishan a tsakiyar birni, manyan jami'an Turawa na Kaduna, a zamanin gwamnan Arewa Palmer, su ma so suke a fitar da su, gidan na Durumin Maigarke kuma ya yi wa makaranta da asibiti kaɗan. Wani matashin limami, Guy Bullen, shi ya ga cewa fita ta fi zama alheri, shi ya jagoranci tashin a 1929. Miller ya tattara ya koma Kano, ya duƙufa a kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Bullen bai daɗe ba, an naɗa shi mataimakin bishop a Masar da Sudan, ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1937. Miller ya kai 1952, ya rasu a ƙasar Jos.

Korar da aka yi musu ita ta ba su fili. A cikin birni kowane yaro da ya shiga ƙofar mishan idon unguwa na kansa. A gindin dutse kuwa suka sami wurin gina ɗakunan kwanan ɗalibai, da gona, da filin ƙwallo, da asibitin St. Luke wanda har yau yake aiki, da makarantar 'yan mata a zamanin da karatun boko na 'ya mace abin faɗa ne.

Dattijon ya raka ni har harabar makarantar firamaren. Ranar hutu ce, babu kowa sai awaki. Na leƙa wani aji ta taga. A allo an bar lissafin ranar Juma'a ba a goge ba, raba lamba uku da lamba ɗaya, a ƙasa wani yaro ya zana mota da alli. Bencin gaba ya sha sassaƙa da tsinin kamfas, suna a kan suna, wani Bulus, wani Musa, wata Hannatu, ka rasa wane ne na coci wane ne na masallaci. Ba abin da ya raba ajin da na kowace firamaren gwamnati a ƙauyukanmu, har da tagar da ta ɓalle aka tokare da dutse.

Sai dai ka lissafa waɗanda suka bi ta hannun wannan mishan. Dakta R. A. B. Dikko, wanda aka haifa a 1912, ya fara tun makarantar tana cikin birni, ya wuce King's College ta Legas, ya yi likitanci a Birmingham, ya zama likitan boko na farko ɗan Arewa. Shi ne shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta rikiɗe ta zama NPC ta su Sardauna da Tafawa Ɓalewa. Mutanen Kaduna da ke zuwa asibitin Barau Dikko kullum, nawa ne a cikinsu suka san Bafulatanin Kirista ne? Farfesa Ishaya Audu, ɗan gidan Isawa, haifaffen Ancau a 1927, likitan yara, shi ne ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, daga baya ya yi ministan harkokin waje a gwamnatin Shagari. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East a shekarun 1930, ɗan Wusasa ne, kuma dubban ɗaliban da suka karanta littafin don jarrabawa ba su taɓa tambayar inda ya samo John ba. Yakubu Gowon ɗan Angas ne daga ƙasar Pankshin, mahaifinsa mai bishara ne da aiki ya kawo Wusasa, a nan ya tashi ya yi firamare kafin ya haura kwalejin gwamnati ta Zariya, Barewa ta yau. Yana da shekara 31 ya zama shugaban ƙasa a 1966. Theophilus Ɗanjuma ma daga Takum aka kawo shi nan.

Ba wani asiri a ciki. Yaran kaɗan ne, kwana suke a makaranta, malamansu na zaune tare da su dare da rana, da Hausa ake fara koya musu karatu kafin a shiga Turanci, kuma iyayensu ba su da sarauta ko dukiyar da za su bar musu. Ɗan hakimi a Kwalejin Katsina ya san in karatu ya ƙi akwai rawani a gida. Maraya daga Gimi ba shi da sai takarda. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: En'e ba ta ɗokin ɗaukar Kirista aikin mulki, don haka suka karkata ga likitanci da jinya da haɗa magani da koyarwa da soja, wuraren da ba a tambayar ɗan wane ne kai. Da 'yancin kai ya zo ana neman 'yan Arewa masu takarda ruwa a jallo, sai aka tarar da su a shirye.

Da safiyar Lahadi na dawo. Jama'a sun fi ƙarfin tsohon ginin yanzu, Wusasa ma ta zama hedikwatar dayosis mai bishop nata tun ƙarshen shekarun 1990. Na sami wuri can baya na zauna. Maza da manyan riguna da hula zanna, mata da atamfa da gyale. Wata tsohuwa kusa da ni ta ciro Littafi Mai Tsarki daga jaka, an yi masa riga da ƙyallen atamfa an ɗinke da zare, gefen takardun ya yi baƙi don shafa. Ta ga ba ni da littafin waƙa, ta turo mini nata.

"Malam, ga shi, lamba ta nan muke."

Na ce na gode, Mama, ni baƙo ne, saurare nake. Ta ce to, sannu da zuwa, ta ci gaba da waƙarta, ba ta ma duban takardar.

Hausar da aka yi wa'azi da ita ta Zazzau ce tsantsa, da karin magana da komai. Allah, Ubangiji, annabawa, mala'iku, zunubi, gafara, tuba, Lahira, duk kalmomin da na tashi da su ne. Da zumuntar mata suka miƙe da tulunsu da caki, sai da bencin da nake kai ya motsa. Bayan an tashi aka tsaya a waje ana gaisawa, ana tambayar gida da gajiya da sanyi, wani na ba da labarin kuɗin taki, wata na cigiyar wadda za ta raka ta biki Tudun Wada gidan ƙanwar mahaifinta, Hajiya. Gidaje da yawa a nan haka suke, ɗaki ɗaya coci, ɗaki ɗaya masallaci, kaka ɗaya.

Ba zan ce zaman bai taɓa ɓaci ba. A watan Maris na 1987 rikicin da ya tashi a Kafancan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona coci-coci da dama, Wusasa ma ba ta tsira ba. Dattijon da ya buɗe mini ƙofa ya ambaci shekarar sau ɗaya, ya yi shiru, ni ma ban ja zancen ba. Tun kafin nan, a farkon shekarun 1970, gwamnati ta karɓe makarantun mishan, sakandaren St. Paul da ta tsiro daga makarantar Wusasa ta koma Kwalejin Kufena. An ce an yi ne don ilimi ya zama na kowa, kuma niyyar ba ta da laifi. Wanda ya ga ajin da na leƙa zai yi nasa hukuncin a kan yadda aka riƙe amanar.

Shi kansa cocin ƙasar abin da ke barazana gare shi yanzu ruwan sama ne. Ginin ƙasa yana son a duba shi bayan kowace damina, a toshe tsaga, a gyara indararo, a sake yaɓe. Maginan da suka iya ɗaurin bakan gizo kuwa sun tsufa, 'ya'yansu sun koma bulo da rodi, inda kuɗin yake.

Da azahar na kama motar Kano, na sauka a Tashar Yari, na hau ta Maƙarfi, don ina son ganin ƙasar Gimi da idona. Fadamu ne shimfiɗe, rake ko'ina, kuma lokacin yanka ne. Tun daga nesa ka hango hayaƙi ka san wurin dahuwa ne. Na tsaya a wani. Da doki ne ke zagayawa yana juya injin, yanzu inji mai shan mai ne ke ta ƙara, yaro na cusa sanda-sandan rake ta gaba, ruwan na tsiyaya cikin garwa, ɓawon da aka matse a shanya shi ya bushe ya zama makamashi. Wani ƙato ba riga yana juya ruwan a babban kasko da doguwar muciya, yana kwashe kumfa, har ya yi kauri ya koma ja, sannan a zuzzuba a ƙananan kwanoni a jera a ƙasa ya daskare. Mai wurin, wani Alhaji mai carbi a hannu, na tambaye shi ko ya san wanda ya fara kawo wannan sana'a nan.

"Wallahi, Malam, gado muka tarar. Kakana ma ita ya yi. Nawa za a sa maka?"

Na ce guda goma. Ya ce sai dai in ɗan jira, waɗannan 'yan Kano sun riga sun biya, motarsu na hanya.